Ƙarar Makullan Mama

Shafi na 17

Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba" tun kafin in wanke ido, to ga shi nan, ku bar ni in sha ruwa. Wanda bai karanta na baya ba kada ya damu, daga nan ma zai gane inda aka dosa.

*

Duk wanda ya taɓa zama a gidan hayar nan ya san ana jin Mama kafin a gan ta. Makullai ashirin da wani abu ne a zobe ɗaya, ɗaure a bakin zaninta, tana tafe suna kacau-kacau. Na gyat, na tankin ruwa, na sito, na ɗakunan haya goma sha biyu, da na ɗakin ƙurya wanda shekara huɗu ke nan ba a buɗe shi ba.

Mama ta yarda da idonta fiye da yadda ta yarda da likita.

"Ni kallo ɗaya nake wa mutum in san abin da ya ci jiya," haka take cewa.

Shi ya sa wata uku ke nan ta ishi kowa da zancen Kafinta, sabon ɗan hayan ɗaki na bakwai.

"Ku dubi ɗan mutane. Ko abinci yake ci, ya ji tafiyata zai miƙe tsaye, hannu a baya, kai a ƙasa. Ku kuwa ko ƙafa ba kwa janye min."

To, ranar Asabar ɗin nan da hantsi, Nas ta ɗaki na uku ta tare ta a bakin famfo, ko kayan aiki ba ta cire ba.

"Mama, magana ce da ni."

"In zancen tanki ne, an ce Litinin."

"Ba tanki ba ne. Kin ga baƙon da na yi jiya da yamma?"

"Tsohon nan mai sanda?"

"Kawuna ne. Shekara talatin ya yi yana aikin gandiroba. Muna zaune kika wuce, Kafinta ya zabura ya miƙe kamar kullum. Sai Kawu ya yi dariya ya ce, 'A'a, ashe da ɗan gidanmu a nan.'"

Mama ta ɗaure fuska.

"Ban gane ba."

"Ya ce tsayuwar fursuna ce, Mama. A can in aka ji ƙarar makulli, kowa tashi yake yi a ƙirga shi, hannu a baya. Ya ce wanda ya daɗe a ciki ba ya iya dainawa. Ba ke yake tashi wa ba. Makullanki yake tashi wa."

Da Nas ta mare ta da ya fi mata sauƙi. Wata uku tana tallan ladabin mutum, ashe gandiroba ya mayar da ita!

Tana tsaye tana haɗiyar wannan, sai ga gyat ya buɗe. Kafinta ne a gaba, bayansa wani dogon mutum siriri ya saɓo faifan katako mai faɗi a kafaɗa, ya rufe masa fuska da rabin jiki.

"Kai mai katako!" Mama ta daka tsawa. "Ka goge min fentin bango sai ka san gidan wa ka shigo!"

Mutumin ya tsaya cak, kamar an dasa shi. Kafinta ya yi sauri ya ja bakin katakon, suka shige ɗaki na bakwai, aka tura ƙofa.

"Kin gani ko?" in ji Nas. "Har baƙi yake kawowa."

"Kira min kowa."

*

Kafin minti goma tsakar gida ta cika. Masu wanki sun bar kumfa a hannu, masu barcin Asabar sun fito suna hamma. Mama ta sa aka ajiye mata kujerarta ta roba a daidai ƙofar ɗaki na bakwai, ta zauna, ta ƙwanƙwasa da ƙafa.

Kafinta ya fito, ya ja ƙofar a bayansa har ta yi ƙara. Makullai suka motsa a cinyar Mama, hannayensa suka tafi baya da kansu.

"Saki hannunka," ta ce. "Ni ba gandiroba ba ce."

Nan take ya gane. Ya dubi jama'a, ya dubi ƙofar da ya rufe.

"Mama, don Allah mu je falonki."

"Nan za a yi ta."

"Ina roƙonki. Ko bakin gyat ne. Ba nan ba."

"Ni da gidana za ka zaɓa min wurin magana? Tambaya ɗaya ce. Ka taɓa zaman gidan yari?"

"Na taɓa."

"Shekara nawa?"

"Tara."

Wata ta ce "Inna lillahi," ta janyo 'yarta jikinta.

"Sharri aka yi maka ko? Dukanku haka kuke cewa."

"Ba a yi min sharri ba. Shaguna na fasa, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Na yi, an kama ni, na yi zamana har ya cika. A can na koyi aikin katako."

"Fasa shago!" Nas ta tafa hannu. "Jama'a, wa ya gyara ƙofofin gidan nan kaf? Wa ya sa min sakata da kwaɗo? Ni da nake kwana asibiti in bar yara uku da ƙanwata? Ashe kura muka ba ajiyar nama."

"Me ya sa ba ka faɗa min ba ranar da ka zo?" Mama ta tambaya.

"Ba ki tambaya ba."

"Da na tambaya fa?"

"Da na faɗa. Da kin yi abin da masu gida bakwai suka yi kafin ke. Ɗaya har shayi ya ba ni, da ya ji sai ya sa aka wanke kofin a gabana. Mama, a rage murya don Allah."

Mama kuwa in aka ce ta rage, ƙarawa take.

Sai Ticha na ɗaki na tara ya gyara tabarau. Shi dai in ba a yi gardama a yini ba, abinci ba ya faɗa masa.

"Mama, a ba ni minti ɗaya."

"Mintinka awa ne, amma yi."

"Wata ukun da ya yi, ko cokali ya ɓace a gidan nan?"

"Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa," in ji Nas.

"To in ba a ba shi wurin kwana ba, a ina zai yi shekara arba'in ɗin? Alƙali ya ce tara, ya yi tara. Mu kuma sai mu ƙara masa namu hukuncin wanda ba ya ƙarewa? Ke ki kore shi, na gaba ya kore shi, sai ya kwana a ƙarƙashin gada. Daga nan ina kike zaton zai nufa? Shagon wani, ko ɗakin wani. Wataƙila ma naki."

"Kai kana da yara?" Nas ta juyo kansa. "Ba ka da ko kaza. Tausayi da 'ya'yan wasu ai ba wuya. Ni ban ce a kashe shi ba. Cewa na yi ina da haƙƙin in san wanda nake raba bango da shi."

"Wannan gaskiyarki ce. To yanzu kin sani. Sai me?"

"Sai ya tashi, ko ni in tashi."

Mama ta ɗaga hannu, kowa ya yi shiru.

"Gidan nan ba gwamnati ce ta gina min ba. Bulo-bulo muka ɗora shi ni da marigayi. In gwamnati ta ga ta gama da mutum, ta gina masa ɗaki. Ni ina da ikon cewa wane ya shigo, wane kada ya shigo, kuma ba wanda ya isa ya hana ni. Kafinta, ban ce ka yi min komai ba. Aikinka mai kyau ne. Amma ƙarshen wata ka bar min ɗakina."

"Mama," Ticha ya ce a hankali, "da ɗanki ne fa?"



Ta zuba masa ido. Ya san wani abu ne? A'a, fuskarsa ta masu son gardama ce kawai.

Kowa a gidan nan ya san Auta, ɗanta namiji ɗaya tilo, yana can yana aiki a jirgin ruwa, inda waya ba ta kamawa. Ita ta faɗa musu, ta maimaita har ita ma wani lokaci takan ga tekun a ranta. Gaskiyar kuwa, shekara huɗu ke nan da aka yanke masa biyar a wani gari mai nisa, kan kayan kamfani da suka karkatar shi da abokansa. A bakin kotu ta ce masa, "Ka mutu a wurina." Ba ta taɓa zuwa duba shi ba. Wasiƙunsa suna cikin gwangwani a ƙarƙashin gadonta, ko ɗaya ba ta buɗe ba.

Kuma ga idanu sun fi ashirin a kanta. Mama ba ta taɓa ja da baya a gaban 'yan haya ba, ba kuwa yau za ta fara ba. Ta miƙe tsaye, ta buɗe murya yadda har na kan titi zai ji.

"Ɗana yana kan teku yana neman halaliyarsa. Amma ku zama shaida. Wallahi ko ɗan da na haifa ne ya kwana a gidan yari, ba zai kwana a gidan nan ba!"

Kafinta ya runtse ido, ya dafa bango.

Ita kuwa ta juya, kacau-kacau, ta shige falonta.

*

Ko zama ba ta gama yi ba ta ji sallamar Kafinta.

"Na gama magana."

"Na sani, Mama. Ba roƙo na zo ba."

Ya shigo ya durƙusa a bakin kafet. Ya ajiye makullin ɗaki na bakwai a kan tebur.

"Ƙarshen wata na ce."

"Yau zan tafi. Amma akwai amanar da zan sauke tukuna."

Ya ɗaga kai ya dubi hoton da ke saman talabijin, Auta cikin farar riga yana dariya.

"Ya rame fiye da haka yanzu," ya ce. "Haƙorin nan na gefe ma ya fita."

Mama ta bi hoton da kallo, ta gane inda ya dosa. Amma bakinta bai mutu ba.

"Wa kake nufi?"

"Shekara uku muna ɗaki ɗaya. Shimfiɗarsa na jikin tawa."

"Ƙarya kake."

"Yana da tabon ƙuna a gwiwar hannun hagu. Ya ce dutsen guga ne, yana aji uku, kika goya shi har asibiti ba takalmi a ƙafarki. Ya ce ɗakinsa na ƙurya ne, tagarsa ba ta rufuwa sai an daka ta ƙasa."

Mama ta tashi ta tura ƙofar falon, ta dawo.

"Wato ka zo ka ci min mutunci ne. Nawa kake so ka yi shiru?"

"Wata uku ina gidan nan, Mama. Ɗazu ma kina tsaye kina kore ni a gaban kowa. Kin ji na ce uffan?"

Ta kau da kai, ya ci gaba.

"Shi ya turo ni. Da na fito na rasa wurin kwana na koma duba shi, ya ce, 'Je gidan uwata. Faɗa ne da ita kamar me, amma ba ta iya ganin mutum a waje.' Ya ce in zauna in duba masa abu biyu. Ko kina lafiya, da ko kin ba da ɗakinsa haya."

"Ban bayar ba," ta ji bakinta ya faɗa.

"Na gaya masa. Ranar ya yi kuka kamar yaro."

Ta juya masa baya, ta kama gyara labulen da ba abin da ya same shi.

"Kuma zancen tashi tsaye, gaskiya kawun Nas ya faɗa. Ni in na ji makulli cikina ɗurar ruwa yake. Dukanmu haka muke a can. Mutum ɗaya ne kawai in gandiroba ya taho da safe za ka ga yana murmushi, ido a rufe. Muka ɗauka taɓuwa ce. Rannan na tambaye shi. Ya ce, 'Haka makullan Mama suke yi in ta taho tashina makaranta. In na rufe ido, kafin a buɗe ƙofa ina gida.'"

Labulen ya kuɓuce daga hannunta.

Shekara huɗu Mama ba ta yi kuka ba, don in ta yi za a tambaye ta dalili. Yau ya zo mata gaba ɗaya. Ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa, makullan na ƙara a ƙugunta. Kunya ta ji, da kewa, da haushin kanta wanda ya fi duka zafi.

Kafinta ya bar ta har ta lafa.

Ta share fuska, ta ja hanci, ta koma Mamarta.

"Saura shekara ɗaya," ta ce. "Kafin nan na san abin da zan gaya wa mutane. Jirgi ya dawo, shi ke nan. Kai kuma ɗauki makullinka, zan san yadda zan yi da Nas."

"Ba saura shekara, Mama."

"Biyar aka yanke masa. Ina ƙirgawa."

"An rage masa saboda halin kirki. Ya rubuto miki sau uku."

Gwangwanin ƙarƙashin gado ya faɗo mata a rai.

"Yaushe zai fito?"

Kafinta ya sunkuyar da kai.

"Yaushe, na ce!"

"Yau da safe na je tasha na taho da shi."

"Yana ina?"

"Ya ce ba zai iya shigowa da fuska a buɗe ba sai ya ji daga bakinki. Na ce ya zauna a ɗakina, in kin karya kin huta in zo in lallaɓa ki. Shi ya sa na ba shi katako ya saɓa."

Mai katako.

Wanda ta daka wa tsawa kan fentin bango. Wanda ya tsaya cak da ya ji muryarta. Ita mai kallo ɗaya ta san abin da mutum ya ci jiya, ɗanta ya wuce ta gabanta ba ta gane ko tafiyarsa ba.

Sai kuma ɗaya abin ya faɗo mata a rai. Kujerarta ta roba. Inda ta sa aka ajiye ta. Ƙofar ɗaki na bakwai, katako ne siriri, ko tari aka yi a waje ana ji a ciki.

"Ya ji?" ta tambaya.

"Sau uku na roƙe ki, Mama."

Magana zarar bunu. Ta rantse, ta kafa shaidu, da bakinta.

"Ya ce me?"

"Da na shiga ɗaukar makulli na tarar ya rataya jakarsa. Ya ce in an watse daga tsakar gida zai bi ni mu tafi, kada ya sa ki kaffara. Ya ce in gaya miki ya ga kina lafiya, ya isa."

Mama ta miƙe.

"Kaffara tawa ce, ba tasa ba. Tashi min daga hanya."

*

Ba wanda ya watse. Sun taru gungu-gungu ana ta mayar da zance, Nas da Ticha har yanzu suna kai. Da suka gan ta ido jawur, kowa ya haɗiye maganarsa.

Ta tsaya a tsakiyarsu, ta kwance zoben daga zaninta, ta zaro makulli ɗaya mai tsatsa, na ɗakin ƙurya, ta ɗaga shi sama.

"Ticha, ɗazu ka yi min tambaya na ba ka amsar ƙarya. Ɗana bai taɓa ganin teku ba. Shekara huɗu yana gidan yari."

Bokitin wata ya faɗi, ruwa ya malale har ƙafar Nas, ba ta ko matsa ba.

"Laifi tudu ne, na taka nawa na hango na Kafinta. Nas, tsoronki gaskiya ne, ban raina shi ba. In kina so a canja miki kwaɗo yau, a canja, ki riƙe makullin ke kaɗai. In kuma tashi za ki yi, ba zan riƙe ki ba. Amma ɗaki na bakwai da ɗakin ƙurya duka da masu su."

Ba ta jira amsa ba. Ta nufi ƙofar ɗaki na bakwai, sauran makullan na lilo a hannunta, kacau, kacau, kacau.

Saura taku biyu ta ji shi. Ƙarar kujera an ture ta baya da sauri, sannan tafin ƙafa biyu suka haɗu a kan siminti. Wani a ciki ya miƙe tsaye.

Ta dunƙule makullan a hannu har suka yi shiru. Ta jingina goshinta da katakon.

"Auta," ta ce. "Saki hannunka. Ni ce."



Ta kama mariƙin ƙofar ta murɗa.

An sa sakata ta ciki.